SEAHORSE: DOKI NE KO KIFI? KUMA ZA A IYA KIWONSA A GAYA?

  

Yau na tashi ne da niyyar ci gaba da bayanin canjin ruwa a tankin tamfol, sai wani saƙo ya shigo ya sa na ajiye wancan tukuna. Wani ƙanenmu ne daga ƙasar Ajingi, ya daɗe yana tara 'yan kuɗinsa don ya fara kiwon kifi a bayan gidansu. Ya turo min hoton wata talla da aka jefa a wani zauren WhatsApp da yake ciki. An rubuta da Turanci cewa ana koyar da kiwon seahorse, wai 'yan China na nan suna jiran kaya, kilo ɗaya na busasshensa ya fi kuɗin tanki guda na tarwaɗa, ka biya kuɗin rajista a turo maka littafi da iri har gida. Sai ya rubuto min: "Yaya, wai mene ne seahorse ɗin nan? Dokin ruwa ne? Ko dorina ake nufi? In kifi ne, tankin da nake shirin saye zai yi?"

Amsar da na ba shi a gurguje ita ce: kifi ne, ba dorina ba ce, ana cinikinsa a duniya da gaske, amma tankinka ba zai yi ba, kuma kada ka tura wa kowa ko sisi. Da yake na san ba shi kaɗai ya ga wannan talla ba, bari mu warware maganar a nan kowa ya amfana.

Mu fara da kalmar kanta. Kalmomi biyu aka haɗa: sea, wato teku, da horse, wato doki. Ana furta ta kamar "sii-hos". Za ka ga wasu sun rubuta ta a haɗe, seahorse, wasu a rabe, sea horse, wasu kuma su sa ɗan karan ɗori a tsakiya. Duk abu ɗaya ne. In suna da yawa sai a ce seahorses. Fassararta kai tsaye ita ce dokin teku.

To a cikin kalmomin nan biyu, ɗaya kwatance ce kawai, ɗaya kuma zahiri ce. Dokin kwatance ne. Kan wannan ɗan kifi da yadda wuyansa ya lanƙwasa da dogon bakinsa sun yi kama da na doki, shi ke nan dalilin sunan. Ba ya haniniya, ba shi da ƙafa, ba a ɗaura masa sirdi. Amma tekun gaskiya ce. A ruwan gishiri yake rayuwa, kuma a nan duk maganarmu ta yau ta rataya. Ƙanen namu ya tsaya yana mamakin dokin, alhali kalmar da za ta cinye masa jari ita ce ta farkon.

Kada ma abin ya ba mu mamaki, mu ma Hausawa haka muke raɗa wa kifi suna. Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, ko ya gani a talabijin, ya san giwan ruwa. Babu haure, babu hanci mai tsawo, girmansa kawai aka duba. Ga ragon ruwa, wanda ba wanda ya taɓa yin layya da shi. In Bature ya zo Wudil ya ji ana cewa an kamo giwan ruwa a kogi, ya buɗe ƙamus ya fassara kalma da kalma, ai sai ya gudu. To abin da ke faruwa da mu kenan idan muka ɗauki sunan Turanci muka fassara shi gaɓa-gaɓa muka tsaya a nan.

Batun dorina kuwa, ƙanen namu bai yi wauta ba da ya kawo ta. Sunan dorina a Turanci, hippopotamus, daga harshen Girka aka aro shi, kuma ma'anarsa dokin kogi. Shi kuma ɗan kifin nan sunansa na kimiyya Hippocampus, shi ma daga Girkanci, farkonsa dai dokin nan ne, ƙarshen kuma wani dodon teku ne na tatsuniyoyinsu. Kun ga sunayen biyu uba ɗaya suka haɗa. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun san wannan ruɗani, don a wajensu hippopotame da hippocampe harafi kaɗan ne ya raba su. A Larabci ma haka abin yake. Almajirai za su iya cin karo da farasul bahri, wanda a littattafan yanzu ake nufin ɗan kifin nan da shi, amma a tsofaffin littattafai sau da yawa dorina ake nufi. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko da ya zo ƙasar Mali a 1352 zuwa 1353, ya ba da labarin wasu manyan dabbobi da ya gani a bakin kogi ya ɗauka giwaye ne, sai abokin tafiyarsa ya gaya masa dawakin ruwa ne. Dorinai ya gani.

Saboda haka ni ba na son a fassara seahorse da dokin ruwa. A ce dokin teku, ko ma kifin dokin teku, ya fi fitar da mutum daga duhu.

Su kansu Turawan ba kullum suke nufin kifin ba in sun faɗi kalmar. A tsohon Turanci na matuƙan jiragen ruwa, wata ƙatuwar dabba mai haure biyu da ke zaune a tekun ƙanƙara ta arewacin duniya, wadda yanzu suke kira walrus, ita ma sea horse suke ce mata. Masu kallon ƙwallo kuma ku duba tambarin ƙungiyar Newcastle ta Ingila da kyau. Akwai wasu halittu biyu a gefe da gefe, gabansu doki, bayansu wutsiyar kifi. Su ma sunansu kenan, amma na zane ne, babu su a duniya. Sannan in ka rubuta Hippocampus a Google kana neman kifi, kada ka yi mamaki in hoton ƙwaƙwalwa ya fito maka. Akwai wani sashe a ƙwaƙwalwar ɗan Adam da ke da hannu wajen riƙe abu a ka, likitocin da suka fara ganinsa suka ga ya lanƙwasa kamar kifin, suka ba shi sunan. Ban da kamfanoni da jiragen ruwa da otal-otal da suke ɗaukar sunan don ado. Kalma ɗaya, ma'ana wajen biyar. Shi ya sa ake duba jimlar da ta zo a ciki kafin a yanke hukunci.

Yanzu shi kansa kifin.

Ƙarami ne ƙwarai. Akwai nau'i sama da 40. Mafi ƙanƙanta bai kai santimita 2 ba, wato bai fi farcen babban yatsa ba, mafi girma kuma yakan kai wajen santimita 35. Galibinsu dai in ka ɗora a tafin hannu za su zauna. A tsaye yake iyo, kai a sama, wutsiya a ƙasa, da wani ɗan fiffike a bayansa da yake kaɗawa da sauri. Duk da haka yana cikin kifayen da suka fi kowa nawa a teku. Ba shi da ɓawo irin na karfasa, wasu zobba ne na ƙashi suka rufe jikinsa kamar sulke. Wutsiyarsa tana naɗewa ta kama abu kamar ta biri, da ita yake riƙe ciyawar teku don kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Idanunsa kowanne na juyawa da kansa, kuma yana sauya launi ya saje da wurin da yake. In ka ce hawainiyar teku ma ba ka yi ƙarya ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne namijin ke ɗaukar ciki. Macen tana zuba ƙwanta a wata jaka da ke gaban cikin namijin, a nan ake barbararsu, a nan suke kwanciya na wasu makonni, daga nan ya yi ta naƙuda yana fesar da 'ya'yan, daga 'yan gomomi har sama da dubu, gwargwadon nau'in. Mu da muke kiwon karfasa mun san wani abu mai kama da wannan: uwar tana kwashe ƙwan a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci a kwanakin. Akwai ma wata karfasa mai baƙin haɓa a ruwan Legas wadda uban ne ke riƙe ƙwan a baki. Ikon Allah sai kallo.

Amma ga inda ya shafi aljihunmu. Dokin teku ba shi da haƙori, ba shi da tumbi. Da dogon bakin nan yake zuƙo ƙananan halittu masu rai, dangin jatan lande 'yan mitsi-mitsi, kuma da yake babu tumbin da zai ajiye abinci, kusan yini yake yi yana ci. Ba ya kallon abincin buhu. Ka watsa masa ƙwayar da kake ba tarwaɗa, mai milimita 2 ko mai 4, za ta jiƙe ta nutse yana kallonta har yunwa ta kashe shi. Waɗanda aka haifa a gona akan koya musu cin daskararren jatan lande, shi ma sai an shigo da shi daga waje, sai firji da ba ya ɗaukewa.

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a cikinmu sun san Artemia, ɗan gwangwanin nan mai tsadar tsiya da ake ba jarirai a kwanakin farko bayan sun shanye gwaiduwarsu. Kun san yadda ake lallaɓa shi, a haɗa ruwan gishiri, a sa iska, a jira kwana guda ya ƙyanƙyashe. Wani babban kaso nasa daga wani tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka ake kwaso shi. Mu kwana kaɗan muke ba da shi mu koma abincin gari, amma muna kuka da kuɗinsa. To ka ƙiyasta kifin da irin wannan abinci ne makomarsa, ba na mako ɗaya ba. Af, tunda maganar sunaye muke, shi wannan Artemia ɗin a Amurka ana sayar wa yara shi a matsayin abin wasa da sunan Sea-Monkeys, wato biran teku. Babu biri ko ɗaya a gwangwanin.

Sai ruwa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Tankin lita 1000, irin baƙin nan da muke ɗorawa a kan ƙarfe, zai ci kilo 35 kenan a cikawa ɗaya. Kuma ba gishirin miya ba, ba na kanwa ba, ba wanda muke ɗan barbaɗawa in tarwaɗa ta ji ciwo ba. Wani haɗi ne na musamman mai ɗauke da sauran sinadaran teku, daga waje ake kawo shi. Duk lokacin da ka canza ruwa sai ka sake haɗawa, ka auna da na'ura. Mu nan Gaya da Ajingi ruwanmu na rijiya ne da burtsatse da kududdufi da fadama, duk ruwan daɗi. Kogin da ya bi ta Wudil ya nufi Haɗeja ruwan daɗi ne, Tiga da Bagauda da Challawa duk haka. Tekun da ta fi kusa da mu sai ka yi tafiyar wajen kilomita dubu a mota kafin ka gan ta. Ka tsoma dokin teku a ruwan burtsatse, ba zai kai gobe ba.

Ko ka samu gishirin, saura zafi da sanyi. Kifin yana son ruwan da bai cika hawa da sauka ba. Mu kuwa a watan Afrilu rana na haura digiri 40, ruwan tamfol ya yi ɗumi kamar na wanka, a Disamba da Janairu kuma hunturu ya sa tarwaɗa ma, da duk taurin ranta, ta rage cin abinci. Ga injin tace ruwa da na iska da ba a kashe su dare da rana. Kun dai san yadda wuta take a wajenmu. Wanda yake lissafin man janareta don ya ɗago ruwa sau ɗaya a yini, ina shi ina wannan?

Ban ce ba a kiwonsa a duniya ba. Ana yi. Akwai gona a tsibirin Hawaii na Amurka, akwai a Tasmaniya ta Ostareliya, akwai a China da wasu ƙasashen Asiya. Amma ka lura, a bakin teku suke, bututu suke ja su ɗebo ruwan kai tsaye, da masana a tsaye a kai. Yawancin abin da irin gonakin Hawaii da Tasmaniya suke fitarwa masu rai ne, na masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi.

To ina maganar 'yan China ta samo asali? Mai tallar bai ƙirƙiro ta daga iska ba, kuma da ma ƙaryar da ta fi kama mutum ita ce wadda aka cuɗa da gaskiya. Busasshen dokin teku yana cikin kayan maganin gargajiya na China, suna kiransa haima, wanda shi ma dokin teku yake nufi. Ana daka shi a sha don asma da ciwon ƙoda da ƙarfin maza, a faɗar masu sayarwa. Kun san duk abin da aka jingina da wannan na ƙarshen, ko a kasuwar Kurmi ba ya kwantai. Miliyoyi ake cinikinsu duk shekara, Hong Kong na cikin manyan cibiyoyin, kuma kusan dukkansu daga teku aka kamo su, ba daga gona ba. Manyan jiragen kamun jatan lande da ke jan taru a ƙasan teku su ke kwaso su tare da sauran tarkace, ma'aikata su tsince su shanya.

Afirka ta Yamma ma tana ciki. Akwai nau'in da ake kira Hippocampus algiricus, yana zaune a gaɓar teku tun daga Senegal har Angola, wato ya haɗa da ruwan Najeriya. Saboda yawan kamu, ƙungiyar IUCN mai bibiyar halittun da ke raguwa ta sa shi a jerin masu rauni.

Nan ne doka ta shigo, kuma wannan ɓangaren nake so matasanmu masu zuwa Legas da Fatakwal da Kwatano neman kuɗi su karanta da kyau. Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira CITES, wadda ta tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, Najeriya na cikinta tun farkon fara aikinta a 1975. A taron da aka yi a birnin Santiyago na ƙasar Chile a 2002 aka sa duk nau'o'in dokin teku a rukuni na biyu, dokar ta fara aiki a watan Mayun 2004. Ma'anar rukuni na biyu ita ce ba a haramta cinikin gaba ɗaya ba, amma ba ka da ikon tsallaka iyaka da shi, mai rai ko busasshe, sai da takardar izini daga hukumar ƙasar da ya fito. A 2016 ma an ba da shawarar dakatar da cinikin na Afirka ta Yamman daga Gini da Senegal. A nan gida Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke da alhakin takardun, NESREA da kwastam ke kamu. A 2019 hukumomin ƙasar Peru sun tare wani jirgin ruwa ɗauke da busassu sama da miliyan 12 da za a kai Asiya, aka kama mutanen ciki. Don haka in wani ya ba ka ƙunshi a tasha ko a filin jirgi ya ce ɗan busasshen kifi ne kawai ka miƙa wa wane, ka buɗe ka gani. In ka ga masu kan doki, mayar masa da kayansa. Layinsu ɗaya da ɓawon dankunya da hauren giwa a idon jami'an iyaka, ko da hukuncin ya bambanta.

Akwai wata dabbar da mu muka fi sani da ta faɗa irin wannan layi, wato ayu, wanda ake samu a Binuwai da Kwara, masu magani ke yawo da abin da suke cewa mansa ne. Turawa suna ce masa sea cow, saniyar teku. Shi kam ba kifi ba ne, yana shayar da ɗansa nono, kuma tun 2013 yana rukuni na ɗaya, wanda cinikinsa tsakanin ƙasashe haramun ne kwata-kwata. Kun ga a nan kuma sunan ya yi mana wata dabara: an ce teku, alhali har cikin kogunanmu na ruwan daɗi yake shigowa. Shi ya sa sunan kasuwa, na Turanci ko na Hausa, ba ya wadatarwa. Sunan kimiyya ake nema, kalmomi biyun nan masu wuyar faɗa, don su ba sa nufin abu biyu.

Wannan darasi ya fi yi mana amfani a kan kifin da muke kiwo kullum. Ɗauki catfish. Cat kyanwa ce, gashin bakin nan aka duba aka raɗa sunan. Amma catfish a duniya sun kai nau'i wajen 3000. Tarwaɗa catfish ce, ramboshi catfish ne, ragon ruwa da kurungu da minjirya mai jan wuta duk catfish ne a bakin Bature. Wadda muke zubawa a tanki ita ce Clarias gariepinus, sai ramboshi wanda yake Heterobranchus, sai haɗin su biyun da masu ƙyanƙyasa ke kira Heteroclarias ko haibirid. In ka buɗe YouTube ka ga Ba'amurke daga Misisifi yana bayanin catfish, wani kifi daban yake nufi, wanda ba ya shaƙar iska daga sama. Tamu tana da wata gaɓa a kai da ke ba ta damar ɗagowa ta shaƙi iska, shi ya sa take jure cunkoso da ruwan da wani kifin ba zai kwana a ciki ba. In na Biyetnam ka kalla, shi kuma Pangasius yake kiwo. Ka kwafi lissafinsu na yawan zubi da abinci ka kawo Gaya, ka ga ba daidai ba, ka ce an yi maka asiri. Ba wanda ya yi maka komai, suna ne ya zo ɗaya.

Haka sunayen girman iri. Fry a wannan harka ba suya ba ce, jarirai ne da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba. Fingerling daga finger ne, yatsa, wato wanda ya kai tsawon yatsa. Sai juvenile, wanda ya ɗara shi. To yatsan wa? Na jariri ko na maƙeri? Ni kaina a farkon shigata na biya kuɗin juvenile a waya, da jarkokin suka iso na leƙa sai na ga abin da ko fingerling ɗin kirki bai kai ba. Na kira mai kayan ya ce ai a wajensu haka ake kiransa. Ba ni da abin cewa, don ban tambayi tsawo ba, ban tambayi makonni ba. Fiye da rabi suka mutu kafin wata ya cika, manyan cikinsu suka cinye ƙananan. Tun daga ranar ba na sayen suna. Nakan ce santimita nawa ne, mako nawa ne da ƙyanƙyasa, wane lambar abinci suke ci yanzu, a ɗora min guda biyar kusa da rula a turo hoto.

Masu kaji ma ba su tsira ba. Talo-talo sunansa turkey a Turanci, amma asalinsa nahiyar Amurka ne, ba Turkiyya ba. Broiler daga kalmar gashi aka samo shi, kazar nama kenan, duk wanda ya sayar maka da shi a kan zai yi maka ƙwai ya cuce ka.

Mu koma kan tallar. Na sake karanta ta a tsanake, ga abin da na lura. Ba a faɗi wane nau'i ba, seahorse kawai. Ba a ambaci ruwan gishiri ko sau ɗaya ba. Ba a ce ga inda gonar take ba balle mutum ya je ya gani da idonsa. Ba maganar takardar izini. Hotunan kuma irin na masu nutso ne a ƙarƙashin teku, ba hoton tanki ko ɗaya. Mai kiwo na gaskiya, ko na tarwaɗa ne ko na zabi, abin da ya fi so shi ne ka zo ka ga kayansa, don ya san in ka gani za ka saya. Wanda ya ce sai ka biya kafin ya gaya maka unguwarsu, rajistar ita ce sana'arsa.

In kana shakkar wani kifi da ka ji sunansa da Turanci, muna da wuraren tambaya. Ga tsangayar aikin gona a Jami'ar Aliko Ɗangote da ke nan Wudil kusa da mu, ga ta Bayero a Kano. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, tana New Bussa a jihar Neja, ta harkar teku kuma, NIOMR, tana Legas. Rabuwar cibiyoyin nan biyu ma kaɗai ta isa ta nuna maka cewa kifin teku da na kogi ba sana'a ɗaya ba ce. In duk wannan ya yi maka nisa, ka je bakin gadar Wudil ka samu dattijon masunci ka nuna masa hoton. In ya ce bai taɓa ganinsa a ruwan nan ba, to ka yi hattara da kuɗinka.

Shi ƙanen namu na ce ya riƙe kuɗinsa, ya shiga mota ya je Wudil ranar Juma'a ya ga wane kifi mata masu suya da masu banda suke rububi, wane girma suke so, nawa suke biya. In ya samu hali ya ƙarasa kasuwar kifi ta Galadima a Sabon Gari ya ga yadda dillalai ke auna tarwaɗa mai rai. Daga nan ya dawo mu zauna mu yi lissafin abincin wata huɗu zuwa biyar tukuna, abin da ya rage shi zai gaya mana iri nawa zai zuba, ko 200 ne ko 300. Ya ce to, amma har yanzu abin da ya tsaya masa a rai shi ne wai namiji ke haihuwa, ya ce sai ya nuna wa mutanen majalisarsu bidiyon.

Bayanin canjin ruwa a tamfol zai zo ranar Asabar in Allah ya kai mu. Wanda yake da wani sunan kifi ko na kaza da ya ɗaure masa kai, ya turo mu duba tare.